Kujerar Wanda Aka Ci

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, ina sanar da ke, cikin natsuwar da ta dace da babban al'amari, cewa gidan nan ya yi talabijin. Ba ƙarama ba. Ƙarti biyu suka hau da ita bene suna nishi, kuma kafin a sama mata wuri sai da aka tayar da kantar littattafan tarihi guda, dauloli da dama suka koma ƙarƙashin gado. Antinki ta ce tun da muka yi aure ba ta taɓa ganin na sayi abin da ba shi da shafi ba.

Don Baba na saya. Tun da ciwon nan ya taɓa masa ɓarin hagu muka ɗauko shi daga tsohuwar unguwa, maganarsa ta zama sai an roƙa. Sai na ce, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa da tsufansa a bakin filin Tasha yana kallon masu tumbi suna bin ƙwallo, bari in kawo masa gwanayen duniya har ɗaki. Na kunna. Ya duba, ya duba, ya ce, "Wannan mai gudun ɗan gidan wa ne?" Na ce ban san iyayensa ba. Ya ce, "To." Ya juya fuska bango. Amma sabo ake yi, zai saba.

Labari na biyu ya fi daɗi. Kin tuna al'adarsu shi da Mai Walda. Duk Asabar ɗin farkon wata 'yan Tasha su kara da 'yan Masaƙa, wanda aka ci ƙungiyarsa ya kai kansa wurin ɗayan washegari, ya zauna a 'yar kujerar ƙarfen nan mai gajeriyar ƙafa ɗaya, a zuba masa shayi, a yi masa tsiya son rai, ba shi da bakin ramawa har kofin ya ƙare. Jirgi ya daina tsayawa a tashar da Baba ya yi aikin duba tikiti, masaƙa ta rufe har ciyawa ta tsiro a tagoginta, amma labari bai kai ga tsofaffin nan biyu ba. Kuma tun da 'yan Tasha suka manta yadda ake cin wasa shekara da shekaru, ubanmu ne kullum a kan kujera yana tangaɗi, yaran shagon Mai Walda suna tafi.

To, ranar Lahadi da hantsi na dawo daga sayen burodi, sai na tarar da Mai Walda a matattakalarmu, hawa ɗaya ya rage ya kai ƙofa. Lif ɗinmu, kamar yadda kika sani, ado ne. Yana zaune a kan kujerar nan, sanda a cinya, yana haki.

"Malam Ƙamus, tsohon yana ciki?"

Na ce yana ciki, amma likita ya hana hayaniya.

"Likitan ya san abin da ya faru jiya?"

Na ce likita mutum ne mai aikin yi. Daga nan na yi masa jawabi, kuma ba don yabon kai ba, jawabin ya tsaru. Na ce da girmansa da furfurarsa, mutum yana fama da rabin jiki, ya ɗauko kujera ya hau bene don ya zaunar da shi a gidan ɗansa? Na ce wasa wasa ne, mutunci mutunci ne. Ya kalle ni ya ce, "Kai dai an yi asarar alli a kanka." Ya dafa bango ya miƙe, ya nuna kujerar da sanda. "Ka ba shi, ya san ta." Ya sauka da baya da baya, yana riƙe da ƙarfen bene.

Kujerar tana baranda, na ɗora mata tukunyar furen Antinki. Ita ma tukunyar tangaɗi take yi.

Baba bai san an yi ba, kuma ranar ma ya ba mu mamaki. Tun da safe ya sa aka yi masa aski, ya sa koriyar hularsa, ya ce a dafa shayi kofi biyu, ya zauna a falo yana fuskantar talabijin, ko ƙofa, don a jere suke. Har la'asar bai kwanta ba. Kin ga abin ya fara kama shi.

Ki gaishe da kowa. Ki amsa da biro, don Allah. Saƙon murya ba wasiƙa ba ce.

Yayanki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. A tsaye na fara karanta wasiƙarka, a zaune na ƙarasa.

Tambaya ɗaya zan yi maka. Cikin jawabin nan naka da ya tsaru, ka tambayi wa ya ci?

'Yan Tasha suka ci, Yaya. Ɗan mai gyaran keke ya zura ƙwallo ana dab da tashi, unguwa ta kwana ba ta dawo hayyacinta ba. Tsoffin abokan aikin Baba sun kira shi a 'yar wayarsa tun a bakin fili. Bai gaya maka ba don ya san abin da za ka ce. Baba Mai Walda ba zuwa ya yi ya zaunar da kowa ba. Kansa ya kawo. Mota biyu ya hau da kujerar nan a hannu, da ƙafar da ko banɗaki sai an riƙe shi.

'Yarsa, ƙawata, ita ta kira ni, rabi faɗa rabi kuka. Babban ɗansa ya zo ɗaukarsa zuwa garin da yake aiki, za a yi masa aiki a ƙafar, kuma ba dawowa zai yi ba, an riga an saki shagon. Ranar Lahadin za su tashi, tsohon ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu sai ya je ya zauna tukuna. Aka ɗaga tafiya dominsa. Litinin suka tafi.

Ka ce mutunci. Ka tuna bayan rasuwar Mama, da Baba ya shige ɗaki ya ƙi fita? Kai ka kawo masa littattafan haƙuri, ni na kawo kuka, 'yan uwa suka kawo nasiha. Wa ya fito da shi? Baba Mai Walda ne ya tsaya a ƙofar gida ya ɗaga murya, "Mai Tikiti, an ci ku jiya, fito ka zauna, ba a karɓar uzuri!" Ka fusata ranar, har ka ce mutumin ba shi da tausayi. Ni ina leƙe ta taga. Baba ya fito yana neman takalminsa, yana zagi ƙasa-ƙasa, kuma da ya dawo ya ci abinci.

Abin da ya fi damuna, Baba yana can yana zaton abokinsa ya gudu. Ka gaya masa yau, kada ka tsaya tsara jimla. Kuma ka sani, a dokarsu nasara ba ta wuce wata. Da an buga wasa na gaba, ta baya ta mutu. In za a haɗa su, kafin Asabar ɗin farkon wata ne.

Ka sauke wa kujerar nan fure. Ka gaishe da Anti, ka ce ina jinjina mata.

Ƙanwarka, Auta.

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Wasiƙarki ta iso, kuma ta yi aikin da aka aiko ta.

Kafin ta zo, Baba ya riga ya rage cin abinci. Ranar Laraba muna kan tebur, ba wanda ya tambaye shi komai, sai ya yi jimla mafi tsawo tun da ya zo gidan nan. Ya ce, "Ni ban taɓa fashi ba. Ko da ruwa, ko da zazzaɓi. Shi bayan shekaru sau ɗaya ta faɗo kansa, ya gudu." Na ɗauka da talabijin yake.

Da na gama karanta taki, na je baranda na sauke furen, na shigo da kujerar na ajiye a gabansa. Na faɗa masa komai, ban tsara ba. Bai kalle ni ba. Ya miƙa hannunsa mai lafiya ya shafa gajeriyar ƙafar.

"Har ina ya hau?"

"Hawa ɗaya ya rage, Baba."

"Da ƙafar nan tasa?"

Na ce e. Ya ci gaba da shafa ƙarfen. Na gwammace ya zage ni, amma kin san Baba, zaginsa mai tsada ne, mutum ɗaya yake ajiye wa.

Na ce ga waya, a kira shi yanzu, a yi tsiyar a gama. Ya ce, "A waya ta yaya zan ga yana tangaɗi?"

Sai dabara ta zo mini, irin wadda ke zuwa wa masu ilimi. Na ce a tarihi, in sarki bai samu zuwa ba yakan aika wakili. Na ayyana kaina ɗan Masaƙa tun daga haihuwa, na sa Antinki ta zuba mini shayi, na zauna. Auta, kujerar nan muguwar ƙira ce. In ka jingina dama ta kai ka hagu, in ka tsaya tsakiya shayi ya zube maka a cinya. Baba ya gyara hula. Ya yi gyaran murya. Na ga wani haske a idonsa da na manta yana da shi.

Ya ce, "An ce golanku ya je neman aikin gadi. Suka ce a'a, ba ma ɗaukar mai barin kowa ya wuce."

Na tuntsire da dariya. Antinki ma daga kicin.

Baba ya tsaya. "Dariya kake yi."

"Ai abin dariya ne, Baba."

"Shi ba ya dariya. Kunnensa ke rawa." Ya ɗaga mini hannu. "Tashi. Kai ba ka ji zafi ba."

Na tashi da jiƙaƙƙen wando. Na koyar da ɗalibai yadda garuruwa suka yi gaba da juna har suka ƙare, amma ban taɓa tunanin akwai gabar da ake kiwo kamar akuya, ana ba ta ruwa duk wata don kada ta mutu ba.

Zan kai shi, na yi alkawari. Sai dai jarrabawa ta kama, takardu sun taru mini har kan firiji, kuma likita yana son ya sake duba shi kafin doguwar tafiya. Batun wata ɗaya kuwa, kada ki ɗaga hankalinki. Doka ce ta tsofaffi biyu, ba majalisa ta kafa ta ba. Waɗanda suka ɗaura za su iya sassautawa.

Ki gaishe da maigidan.

Yayanki.

*

Zuwa ga Malam Ƙamus, ɗan Mai Tikiti,

Ina gaishe ka, don ubanka ya ci gaisuwa. 'Yata ce ke rubutawa ina faɗa. Ta ce in rage zagi, na rage, abin da ka gani shi ne ragowar.

An yanka ƙafar an ɗinke. Ɗinkin bai yi kyau ba, da ni na yi waldar da ta fi haka.

Ƙanwarka ta aiko cewa ka gaya wa tsohon na zo. Madalla. Abin da ya hana ni barci ke nan, kada ya mutu yana cewa ɗan Masaƙa ya gudu. Ban yi fushi da kai ba. Tun kana yaro in ƙwallo ta biyo ta gabanka sai ka ɗaga littafi ka ba ta hanya, ban sa ran za ka gyaru da tsufa ba.

Nan garin ba wanda ya san Tasha, ba wanda ya san Masaƙa. Maƙwabtan ɗana duk ƙungiyoyin ƙetare suke bi, suna ihu a kan mutanen da ba su taɓa biyo su rancen guduma ba. Kowa lallaɓa ni yake yi. Sannu Baba, a hankali Baba, me za ka ci Baba. Tun da na zo ba wanda ya gaya mini baƙar magana ko ɗaya. Wani lokaci sai in taɓa jikina in ji ko na riga na mutu ne ba a sanar da ni ba.

An ce ka ce za a sassauta doka. Saurara, yaro. Ni na ƙera kujerar, ubanka ya kafa dokar, lokacin jirgi yana tsayawa kuma 'yan Tasha suna cin mu kamar ba gobe. Ni na fara zama a kanta, kuma na daɗe a kai. Ban taɓa cewa a ɗaga mini ba, shi ma da zamani ya juya bai taɓa cewa ba. In aka ƙara wa nasara kwana, ta zama sadaka, kuma ubanka ba ya karɓar sadaka. Na san shi tun kafin ka san shi.

Ka kawo shi kafin Asabar ɗin farkon wata. Ka taho da kujerar. Za a ɗaga ni a ɗora, na riga na gaya wa likitan nan, ya ce ba zai yiwu ba, na ce ba shawara nake nema ba.

Ka ce wa tsohon ƙwallon da suka ci satar gida ce, kowa ya gani. Amma zan zauna.

Mai Walda.

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Wata ya raba, ya wuce. Maigidana ya ce ga motarsa ga direba, ranar Alhamis ko Juma'a, ka zaɓa. Takardun jarrabawa ba su da ƙafa, za ka dawo ka same su inda ka bar su. Ƙawata ta ce tsohon kullum sai ya sa an yi masa aski.

Don Allah, Yaya.

Auta.

*

Auta,

Sallama. Ki gode wa maigidanki, ki ba shi haƙuri da na mayar da direbansa ranar Juma'a. Yanzu ina roƙon a sake aiko shi.

Ga yadda na yi lissafi. Sakamakon ɗalibai sai an miƙa ranar Asabar da rana. Na ce mu tafi Lahadi, kwana ɗaya ne kawai bayan wa'adi. Na kuma ƙara da nazari irin na masana: rundunar da ta daɗe tana shan kashi, in ta ɗanɗana nasara takan zarce, ga ɗan mai gyaran keke yana kan ganiyarsa, ga 'yan Masaƙa sun karaya. In sun sake ci, Baba ya tafi da nasara biyu a aljihu. Har na yi wa Antinki wannan bayani da zane a bayan ambulan. Ta ce Allah ya sa, da irin muryar da take ce wa yara Allah ya sa in sun ce za su zama matuƙan jirgin sama.

An lallasa mu. Kin ji na ce mu. Ɗan mai gyaran keke bai ko buga ba, an ce ya tafi ɗaurin auren abokinsa.

Ina falo wayar Baba ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce "To," ya ajiye. Ya cire koriyar hular ya ɗora a gwiwa. Na fara magana, na ce Baba, Mai Walda mutum ne mai fahimta, laifin nawa ne ba naka ba, in muka je na yi bayani zai bar ka ka yi taka tukuna.

Ya ce, "An ci mu."

Na ce na sani, amma a duba yanayi.

Ya ce, "Malam, an ci mu. Ɗauko kujera a goge ta. Gobe da wuri."

Abin da ban gane ba shi ne wannan. Na zaci zai koma bango. Sai ga shi ya cinye abincinsa har ya nemi ƙari, ya sa na fito masa da takalmin fita, yana ta mita a kan mai tsaron bayanmu, wai tun kakan yaron ba su iya tsayuwa ba. Mutumin da zai yi tafiyar yini guda don a ci masa fuska, shi ne yake shiri kamar ango. Ni kuwa da na jawo, ina gefe ina goge kujera.

Hoton wasiƙar nan zan turo miki ta waya don ta iso a daren nan. A turo direban da sassafe.

Yayanki.

*

Auta,

Mun je, mun dawo lafiya.

Mai Walda ya rame ƙwarai. Ƙawarki ta ja ni gefe ta ce ciwon ya wuce ƙafa. Da ya ga Baba sai ya yunƙura a kan gado ya ce, "Mai Tikiti, fara taka, na ara maka." Baba ya ce, "Ba a ara." Ya sa na ajiye kujerar a gefen gadon, na riƙe shi ya zauna, aka ba shi shayi. Muryar Mai Walda ba ta fita sosai, sai da Baba ya matso da kunne don ya ji zagin da ake yi masa. Ya yi tangaɗi, ya ɓata rai, bai rama ba. Ya ja shayin nan har ya yi sanyi ƙalau, shi kuma wancan bai ce ya yi sauri ba.

A hanyar dawowa Baba ya jingina kai da gilashi, bakinsa yana motsi. Na ɗauka addu'a yake yi, na matsa. Tasa tsiyar ce, wadda ya tara duk shekarun nan. Yana faɗinta ɗaya bayan ɗaya a hankali, in ya faɗi ɗaya sai ya dakata kaɗan, ya ba mutumin lokaci. Suna da yawa, Auta, kuma suna da kyau. Har muka shigo gari bai ƙare ba.

Ranar nan a matattakala na ce wasa ne kawai. Ban yi daidai ba.

Yayanki.